Tsimin Mai a Maitama

Har yau ban yarda laifina ba ne. Laifin Amurkawa ne da filin tseren motocinsu, inda ake yini ana zagaye wuri ɗaya. A talabijin na ga motocin suna liƙe wa juna, mai sharhi ya ce ta gaba ke yanka iska, ta baya kuwa mai kaɗan take sha. Ga fetur ya yi tsada. Na ce shi ke nan, ilimi ya same ni har falo.

Washegari zan sauke Hajiya, matata, a Maitama, na hango wata baƙar jif mai faɗin baya, na manne mata.

"Baban Ummi, ka matse mutanen nan fa."

"Kimiyya ce, Hajiya, ba za ki gane ba."

Ashe motar ƙarshe ce a ayarin wani babba. Ta ci birki, 'yan sanda suka diro da bindigogi. Na fito ina musu bayanin iska, har da kwatance da hannu. Ɗayansu ya ce, "Iska ko, oga? Oya, kama kunne." Ni, mataimakin darakta, cikin babbar riga ina tsallen kwaɗo a bakin titi, masu gadin unguwa suna kallo!

Hajiya ta rantse ba ta gaya wa kowa ba. To wa ya kai labarin ma'aikatarmu? Yanzu ko masallaci na nufa, sai abokan aiki su jeru a bayana, hanci a ƙeyata. In na juyo a fusace su ce, "Ci gaba, yallaɓai, tsimin mai muke."