Gidan Gaba a Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ɗaki mai lamba biyu ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke cikin kaina. Ni na zaɓe shi da ɗan yatsana, a zauren surukina a Wudil, a gaban shaidu, ina wani hura hanci.

A lokacin kuɗin mai sun fara zuba a ƙasar nan, kowa ka gani da sabon babur ko sabuwar rediyo. Ni ina koyarwa a wata firamare a Indabo, shekara ɗaya ke nan da aurena da Asabe. Mahaifinta, wanda duk muke kira Baba Alhaji, babban mai fataucin shanu ne a karar Wudil. Idonsa ya yi ta dusashewa har ya kai sai an ja shi. Likitocin Kano suka ce ciwon yana can bayan ido, sai dai a kai shi Ingila, aka rubuto takarda aka sa ranar aiki. A ƙasan takardar an ja layi cewa lallai ya iso da ƙarfinsa, in ba haka ba a ɗaga aikin, idon kuma ba zai jira ba.

Shi kuwa Baba Alhaji tun da ya dawo daga aikin Hajji ya ce shi da jirgin sama sun yi sallama, ba zai ƙara shiga abin da in ya lalace ba shi da gefen hanyar da zai tsaya ba. Sai jirgin ruwa daga Ikko, tafiyar kusan mako biyu. A duk 'ya'yansa da surukansa ni kaɗai ke jin Turanci, don haka ni aka ɗora wa rakiya da duk shirin tafiya. Wallahi na ji daɗi. Na ƙudura a raina sai na nuna wa gidan nan cewa ba su yi asarar ba ɗan boko 'yarsu ba.

Na je ofishin masu sayar da tikiti a Kano, na tarar da wani dattijon akawu, Malam Isiyaku, wanda ya yi shekaru yana aiki a cikin jirgi kafin ya dawo gida. Ya shimfiɗa mini taswirar jirgin, an zana shi a tsage kamar an raba kabewa biyu, hawa-hawa, kowane ɗaki da lambarsa. Ya sa fensir ya kewaye wani ɗaki can ƙasa a tsakiya.

"Wannan za ka kama wa tsohon," in ji shi. "Ga ɗakin cin abinci taku kaɗan, ga makewayi a jikinsa, ba hawa ba sauka."

Na ce sai na yi shawara (ƙarya ce, so nake a gan ni da taswira a Wudil). Ranar Juma'a bayan an tashi daga kasuwa na baje ta a zaure, 'yan'uwa da abokan cinikin Baba Alhaji suka yi mata rumfa. Na nuna musu ɗakin da akawu ya kewaye, na ce ku ji fa, a ƙasa zai saka mu, kusa da inji, tagar ma ba ta fi faifai ba. Zaure ya ɗauki salati. Sai na gangara da yatsana har hancin jirgin, hawa na sama, na danna lamba biyu. Na ce a duniyar nan ina aka taɓa sa babban mutum a bodi? Daga Wudil zuwa Kano, in Alhaji zai shiga mota, ina ake ba shi? Suka ce gidan gaba. Na ce to ga gidan gaba, kuma a bene. Har tafa mini aka yi. Baba Alhaji yana kan buzunsa yana jan carbi, abin da ya ce kawai, "Yadda ka gani, Malam."

Da na koma Kano na ce lamba biyu nake so, Malam Isiyaku ya cire tabarau ya dube ni.

"Samari, ka taɓa shiga teku?"

"Ni ɗan Wudil ne, Malam. A bakin kogi aka binne cibiyata." (Ban iya iyo ba. Ta kan gada nake tsallaka kogin, shi ma ba na leƙa ƙasa.)

"Gaba shi ya fi ko'ina tashi da faɗuwa. Ga matakala uku tsakaninku da abinci, mutumin nan kuma ba ya gani."

"Ai shi ya sa nake tare da shi."

Ya yi ta lallashina har wanda ke bayana a layi ya fara tsaki. Na kafe. Ƙarshe ya buga hatimi ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na fito ina jin na kayar da ɗan birni.

Abin farko da taswira ba ta gaya mini ba, na gan shi da muka shiga ɗakin a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko. Ɗaki kam ɗaki ne, ga taga ƙatuwa, ga teku shimfiɗe har ƙarshen gani. Amma gado biyun da aka rubuta ɗaya ne a kan ɗaya. Innalillahi! Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban mutumin nan ba, ni da nake tuɓe takalmi tun daga bakin lungunsu, ni ne zan hau tsani in kwanta a saman kansa? Na ce ko kashe ni za a yi. Na shimfiɗa darduma a bakin ƙofa na ce masa bayana ba ya son katifa.

Kwanakin farko lafiya lau. Sau uku a rana Baba Alhaji ya dafa kafaɗata mu bi wani dogon lungu, mu sauka matakala, mu karya kwana, mu ƙara sauka, mu ƙara sauka, har ɗakin cin abinci. In zaunar da shi, in gaya wa ma'aikaci kifi da shinkafa, in koma bayan ginshiƙi in ci nawa a tsaye don kada ya ji motsin bakina. Duk hanya leɓensa na motsi, na ce Allah Sarki, tsoho ba ya rabuwa da tasbihi.

Bayan mun wuce Saliyo teku ta canza fuska. Hancin jirgin ya ɗaga sama, ya ɗaga, ya ɗaga, har ka ce ba zai dawo ba, sannan ya sake ka tim. Hanjina ya bi shi sama ya ƙi dawowa tare da shi. Buta ta yi ta yawo a ɗaki, ni ma da dardumata muna binta. Makewayi kuwa yana can ƙarshen lungu, na ƙirga ƙofofi goma sha ɗaya kafin a kai, kuma duk na san su da goshina. In na ji abin ya taso sai in ce, "Baba, bari in duba ko mun kusa," in fita da gudu. A rana ɗaya na duba ko mun kusa ya fi sau ashirin, alhali saura mako guda.

Ma'aikacin da ke kula da ɗakunanmu ya ƙwanƙwasa ya tambaya da Turanci ko a kawo mana abinci ɗaki. Na ce masa komai daidai, mun gode. Ka ji fa wauta. Gani nake in aka kawo tire har ɗaki, Baba Alhaji zai gane cewa jagoransa ya faɗi. Shi kuma da lokacin abinci ya yi sai ya riga ni magana, ya ce, "Malam, yau cikina ba ya son komai, dabinon nan ya ishe ni." Ni kuma in yi hamdala a zuci in ƙara dunƙulewa. Haka muka yi kwana biyu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri da ƙarya.

A rana ta uku da hantsi na buɗe ido na gan shi ya miƙe zai yi nafila. Sai da ya dafa gado ya iya tsayuwa, kuma ba laifin jirgi ba ne. Jakar dabinon tana gefe a lanƙwashe, ko ƙwallo babu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Layin nan da likita ya ja a takarda ya faɗo mini a rai. Mutum ya ba ni 'yarsa, ya ba ni idonsa, ni kuma ina kashe shi da yunwa don kada a ce na yi kuskure. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Na ce yau ko a kan gawata sai ya ci abinci.

Na wanke fuska, na sa kaftanina mai aiki, na kafa hula. Na ce, "Baba, an kaɗa ƙararrawar abincin rana, mu je." Ya saka farar babbar rigarsa ya dafa kafaɗata.

Lungun nan na ci shi da addu'a. Matakala ta farko na sauka da haƙora a datse. A ta biyu gumi ya jiƙe ni har cikin takalmi, ina haɗiyar yawu ina ce wa cikina don girman Allah ka bari mu kai. A ta uku na fara ganin mutane bibbiyu, amma ban tsaya ba. Wallahi da na hango ƙofar ɗakin cin abinci har na fara yaba wa kaina. Ma'aikaci ya wangale mana ƙofa, ƙamshin soyayyen kifi da man shanu ya daki hancina, daidai lokacin jirgin ya yi wata irin sufa. Na san an gama. Na juya da sauri don kada in ɓata musu shimfiɗar ƙasa, na manta wanda ke bayana.

Duk a gaban farar rigar surukina na juye shi, tun daga aljihu har takalmi.

Cokula suka tsaya. Wata Baturiya ta toshe baki da adiko, wasu ɗaliban Gana suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na girgiza. Ni kuwa na durƙushe ina roƙon Allah ya tsaga jirgin nan in wuce ƙasa. Sai na ji hannu yana laluben kaina. Baba Alhaji ya cire mini hula, ya tallafe goshina da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙeyata.

"Sannu, Malam. Sake shi duka, kada ka riƙe. Kwana uku ina jin ka kana fama."

Da na lafa ya ɗaga ni, ya ɗora hannuna a kan kafaɗarsa, ya juya ya fara tafiya. Ina jin sa a hankali: taku tara, matakala goma sha huɗu, hagu, taku ashirin. Ashe ba tasbihi yake yi ba duk kwanakin nan, hanya yake haddacewa. Makaho ya ja mai ido tun daga ƙasan jirgi har lamba biyu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, mutane suna matsa mana. Da muka shiga ya kwantar da ni a kan gadonsa, na yunƙura zan sauka ya danne ni.

Bayan ya sauya riga ya zauna a bakin gadon ya ce, "Malam, ba ka taɓa tsayawa ka kalli masu fito ranar kasuwa ba? Tsoho da mai ciki a ina suke zaunar da su a kwalekwale?"

Na ce a tsakiya, murya kamar ta sauro.

"To."

"Baba, me ya hana ka faɗa tun a zaure?"

"Kai ka ga taswira, ni ban gan ta ba. Kuma an tafa maka. In kunyata mijin Asabe a gaban jama'a?"

Wannan maganar ta fi aman ciwo. Na tashi, bango na riƙe ni ina riƙe bango, na nemi ofishin mai raba ɗakuna. Turancin da nake taƙama da shi duk ya zube, abin da ya rage kawai na nuna masa tsakiyar taswirar da ke manne a bango na haɗa hannuwa biyu. Ya dubi kaftanina, bai tambayi dalili ba. Allah ya taimake ni wasu sun sauka a Saliyo, aka ba mu ɗaki can ƙasa, ƙofa biyu daga wanda Malam Isiyaku ya kewaye da fensir. Taga kamar faifai, ƙugin inji ba dare ba rana, gadaje biyu kowanne a ƙasa. Ruwa a kofi ko motsin kirki ba ya yi. A yammacin nan Baba Alhaji ya cinye kwano biyu na shinkafa, ni kuma na sha shayi a gabansa karo na farko, don ban ga sauran abin da zan ɓoye masa ba.

Ya isa da ƙarfinsa, aka yi aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka kwance masa bandeji ina tsaye a gefen gado, ya ƙura mini ido ya daɗe, sannan ya ce, "Juya in gani." Na juya. Ya ce, "Yawwa, kai ne. Fuskar ta rame, amma ƙeyar na san ta."

Da za mu dawo na shiga ofishin tikiti na ce wa akawun can ya zaɓa mana da kansa, ban ko taɓa taswirar ba.

Har Allah ya karɓi ransa bai ba kowa labarin ba, ko Asabe daga bakina ta ji. Sai dai duk ranar da za mu shiga mota a tashar Wudil, direba ya buɗe masa gaba, sai ya ja da baya ya ce, "A'a, a ba Malam gidan gaba, shi ya san kan tafiya." Mutane su ce kai, Alhaji yana ji da surukin nan nasa. Ni kuma in shiga ina gumi. Tun daga nan, duk wanda ya riga ni shiga abu ya ɗauki fensir ya kewaye mini wuri, ba na tambayar ina manya suke zama. Wurin nake zuwa in zauna, in yi shiru.