Ranar da Na Nema wa Surukina Wankin Mota

Da Anas ya zo neman auren 'yata Hauwa, ni da kaina na ɗauki binciken sana'arsa. Lokacin na kai littafi na biyu a ajin yaƙi da jahilci, ina ganin ba wanda zai iya ruɗa ni.

Maƙwabtansa a unguwar Hindawiyya suka ce yaron kirki ne, amma ba ya fita da safe. Na same shi a ɗaki gaban kwamfuta. Ya ce shafukan intanet yake haɗa wa kamfanoni, ciki da waje, shi kaɗai. Na dubi tafin hannunsa, ba kanta ko ɗaya.

Na ce, "Yaro, wannan zaman banza ne mai cin lantarki. Ba aiki, ba aure. Yalla, tashi."

Ya ce, "To, Baba."

Na kai shi unguwar Abhur, masaukin baƙin da nake wa tuƙi, na roƙi manaja ya taimaka masa da aikin wankin mota. Manajan ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba, ya rungume shi. Ashe shafin da baƙi ke kama ɗaki ta cikinsa, Anas ne ya haɗa. Na tambayi abin da aka biya shi, manajan ya raɗa mini, sai na nemi kujera.

An ɗaura aure. Har yau, in na yi sallama a gidansu, Hauwa takan ɗaga murya ta ce, "Anas, ɗauko bokiti, ga kafilinka, ubangidan aikinka, ya zo."