Yadda Za Ka Gwada Ƙarfen Kwatangwalon Hajiya da Kanka

Ka faɗa wa gida kana "harkar kayan asibiti" a Dubai, alhali mariƙin ƙofa kake shafa wa ruwan gwal a wata masana'anta a unguwar Al Quoz. Yanzu Hajiya Mariya, mahaifiyarka, ta zame a banɗaki, likita ya ce sai an sa ƙarfe, dangi sun ce kai za ka aiko. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari asirinka ba zai tonu ba.

1. Duba ƙyalli. Samo ƙarfe a wurin aikinku, ka tsoma shi a ruwan gwal ɗin da kuke tsoma kan famfo. In ka ga fuskarka a jiki, rabin gwaji ya ƙare.

2. Lasa. Harshe ma ai jiki ne.

3. Nemi ɗan gwaji. Turawa ɓera suke sa wa. Kai kana da Boubacar, ɗan Nijar ɗin da ke gadon samanka a ɗakinku na unguwar Hor Al Anz. Lanƙwasa guntu, ka ba shi a matsayin awarwaro. In ya zo yana susa, yana cewa, "Mon frère, hannuna ya zama kore, ga ƙuraje wallahi," ka ce masa, "Shwaiya shwaiya, habibi, sannu a hankali, jiki ne ke karɓa."

4. Guji Muhsinat. Ita ce 'yar garinku da ke aiki a ɗakin gwaji. Za ta ce sai an jiƙa ƙarfen a ruwa mai kama da na jiki, a ga ko shafen zai ɓare, ko sinadarin nikel zai tsiyayo, a ɗora masa ƙwayoyin halitta a ga ko za su mutu. "Yaya, wannan cikin mutum zai zauna fa, ba a ƙofa ba!" Masu karatu sun cika tsoratarwa. Ce mata khalas, shi ke nan, ka kashe waya.

5. Ɗauki kiran Hajiya. Wannan ne mai wuya, ni kaina ba na son sa. Za ta ce, "Ɗan albarka, na gaya wa likitan ya riƙe nasa. Ƙarfen ɗana kaɗai zai shiga jikina." Kada ka kalli hannun Boubacar lokacin. Ce "To, Hajiya," in bakinka ya iya.

A kula: duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, ban san ka ba. Ni da tawa uwar ta karye, kuka na yi na kira Muhsinat.