Ranar da na shayar da odinater ruwan randa

Ba zan taɓa mantawa da wata bazara ba, lokacin ina aiki a ɗakin magani na likitar mishan (wato asibiti) kusa da Madawa. Ni kaɗai na iya odinater ɗinmu, wato kwamfuta, wata tsohuwa da sai ka shanye shayi kafin ta buɗe jerin magunguna. Shugabarmu, Madam Rifkatu, ta ce in ba ta gyaru ba za a koma rajista, ni kuma in koma ƙirgar ƙwayoyi (aikin da na tsana).

Na tafi Yamai na zaɓo kat-mer, wato allon da komai ke maƙale a kansa, irin wanda ake matsa wa 'yan maɓallai ƙwaƙwalwar odinater ta yi gudun da ya fi nata. Ta yi gudu kuwa! Amma da azahar sai ta ɗau zafi ta mutu. Fanka iskar zafi kawai take hura mata.

Sai na sa maƙeri ya yi mini ɗan akwatin jan ƙarfe, na ɗora kan ƙwaƙwalwar. Na haɗa shi da tiyon ƙarin ruwa da famfon wanke gilashin mota, ruwa na zagayowa daga randa.

Ranar gwaji na sa farin wandona na zuwa majami'a, na tara ma'aikata, har da jawabi (da Faransanci, Allah ya yafe mini). Na zauna na kunna. Ina tsakiyar bayani na ji sanyi a cinya. Ashe tiyon da ke mayar da ruwa randa ya kuɓuce ƙarƙashin tebur. Na miƙe zumbur, gaban wandona sharkaf.

Wani dattijo manomi daga Tama, da ke jiran magani a taga, ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, kak ka ji kumya. Ni ma ciwon da ya kawo ni ke nan."

Ɗakin ya kece da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Madam Rifkatu na share hawaye ta nuna gilashin odinater, ta ce, "Malam, bar wandonka, dibi nan!"

Jerin magunguna ya buɗe nan take, ƙarfe biyu na rana, ga ta ba ta mutu ba! Na ɗaure tiyon da roba, ta yi mana bazara uku lafiya lau.

Tun ranar, duk abin da zan gwada gaban jama'a, sai na fara leƙa ƙarƙashin tebur.