Gurasa da Gishirin Dakta Shaukat

Ba kowa ya lura ba, amma ƙarfen da Dakta Shaukat ke rufe fuska da shi an ɗan fafe shi ta ƙasa, don gashin baki ya samu hanyar fitowa. Mutum ya ɓoye wa hukuma fuskarsa, wannan daidai ne. Amma a hana duniya ganin irin wannan gashin baki ai zalunci ne.

Allah ya ja zamanin Dakta, Annobar Gabas, shugaban Majalisar Mugaye ta unguwarmu Shubra! Shekara goma sha ɗaya yana shirin durƙusar da Alƙahira, birnin ne dai bai samu labari ba. Mabiyansa biyu ne: Sitti Nabawiyya mai dafi a farce, da Ammu Girgis mai fasa bango da goshi. Su ma sun gaji. Suka ce ko dai ya gama da Shahon Nilu, jarumin nan mai tashi sama yana ɓata musu aiki, kafin Alhamis, ko ya sauka daga shugabanci.

Ranar Laraba da hantsi, ikon Allah, Shaho ya faɗa tarko. Aka ɗaure shi ƙarƙashin na'urar da ke mai da mutum toka. Dakta ya gyara alkyabba ya soma jawabi.

"Kai ƙaramin tsuntsu! Fir'aunoni duwatsu suka tara, ni sarakuna zan tara! Tarihi zai rabu biyu: kafin Shaukat da bayan Shaukat!"

Har aka kira azahar bai kai rabi ba. Shaho ya yi hamma.

"Ranka ya daɗe Basha, ba ƙorafi nake ba," in ji shi. "Bara da mugun Iskandariyya ta bakin teku ya kama ni, rago ya yanka mini. Amma kowa da ƙarfinsa."

Girman kai rawanin tsiya. Dakta ya buga ƙafa.

"Ni za a gwada da mai ƙarnin kifi? Nabawiyya, ɗora tukunya! Ba za a ce wani ya mutu da yunwa a gidan Shaukat ba!"

Aka jera tattabaru cushe da shinkafa, miyar lalo da naman zomo, gurasa tana tururi. Shaho ya ce shi fa a ƙoshe yake. Dakta ya rantse sau uku. Da hannunsa ya kwance igiyar, da hannunsa ya yago gurasa ya dangwalo miya ya miƙa masa. Kowa ya sa hannu a faranti ɗaya.

Bayan shayi Dakta ya miƙe. "Girgis, mayar da shi, ka kunna na'ura."

Girgis ya ajiye kofi. "Haba Dakta, ka ji tsoron Allah. Mutumin da muka ci gurasa da gishiri tare?"

"Umarni ne!"

"Mu mugaye ne, ɗan'uwa, ba marasa asali ba," in ji Nabawiyya tana tattara kwanuka. "Da wace fuska zan shiga kasuwa gobe?"

Dakta ya dubi na'urar ya dubi hannunsa, maiƙon tattabarar ko bushewa bai yi ba. Shi ma ya kasa. Baki dai shi ke yanka wuya. Ba a jira Alhamis ba, kafin la'asar Nabawiyya ta zama shugaba.

Shaho ya yi godiya, ya hau taga zai tashi, ciki ya hana. Ya gwada sau biyu ya haƙura.

Sai ga Annobar Gabas a bakin titi, riƙe da ragowar tattabaru a kwano don a kai wa mahaifiyar baƙo, yana ɗaga hannu yana tsayar masa da ƙaramar bas mai zuwa Imbaba, unguwar su Shaho.