Ranar da Na Ciyar da Mota Cingam

Lallen hannun Hadiza na fara gani, sa'ad da ta nuna mini wani ɗan tiyo yana reto a jikin injin. Bakin robar da yake shiga ya karye, ramin sai zuƙar iska yake, mota tana kakkarwa. Muna tsakanin Bande da Magariya, ga mahaifinta zaune a baya, mutumin da nake fatan ya ba ni aurenta.

Zuciyata ta raya mini yau ce ranar jarumta. Na roƙi cingam a wurinta, na tauna cikin natsuwa, na liƙe ramin.

"Baba, an gama," na ce, na tada mota.

Injin ya haɗiye cingam ɗin, ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Baba ya fito a hankali. Ashe tsohon direba ne. "Ɗana, gyara kake ko ciyarwa?" Ya fere ɗan icce, ya toshe ramin, muka tafi.

Ya ba ni Hadiza. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma da ya ji sallamata sai ya ce, "Malam, motar ta karya kumallo kuwa?"