Tandar Ɗin Dodo Mai Ganda

"Daga ranar Lahadi, duk wanda ya sake ce mini Mai Ganda, ba ni ba shi! Injiniya Dodo, shi ne sunan."

Haka Dodo ya faɗa a ƙofar butikinsa, wato shagonsa, na unguwar Château Rouge a Paris, cikin 1986, yana bugun ƙirji har hula na zamewa. In ba ka san Dodo ba, abokina, ka huta. Badamagare ne mai sayar da busasshiyar ganda da daddawa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa wa Nasara ramin metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Ba abin da ya tsana a duniya kamar sunan nan na Mai Ganda.

Ga yadda aka yi. Saley, ƙanin matarsa Biba, ɗalibi ne a Lyon, ya kamu da wasan moto, wato babur, da ake ce wa tiriyal. Ba gudu ake ba: duwatsu ake hawa, a ratsa rafi, wanda ya sa ƙafa ƙasa an ci shi. A ƙarƙashin sarƙar moton akwai ɗan hannun ƙarfe mai raso, wato sifirin, da guntun roba, shi ke tokare ta kada ta saki ta faɗi. Tandar ake kiransa. Na Saley ya cinye, ga gasa ta matso, ya zo Paris saye.

"Ka sayi roba?" in ji Dodo. "Ina raye? Kai, Saley, ka ba ni kunya."

"Yaya Dodo, ai irinta kowa ke sawa."

"Shi ya sa kowa ke faɗuwa! Roba ta ci, katako ya tsage, ƙarfe ya cinye sarƙa. Amma fatar bajimin Damagaram? Kakana da ita ya yi garkuwa, mashi ya lanƙwashe!"

Ya zaro wata ganda da ta bushe ƙamas, ya buga a kanta, ƙwal! Saley ya dubi yayarsa. Biba ta ce, "Yi masa haƙuri, ko ma samu barci a gidan nan." Kunyar mijin yaya ta sa yaro ya yarda.

Gogan naka ya yanka fata ya maye gurbin roba. Bai tsaya nan ba, ya cire rason ma ya jefar, wai ƙarfen ragwaye ne, ya ɗaure hannun da tsirkiyar fata tamau. Ya gasa ƙusa ya rubuta DODO INJINIYA a jiki. Aka aiko moto, aka gwada cikin wani sito a Aubervilliers, inda ko ɗigon ruwa babu. Sarƙa ta tsaya cak. Shi ke nan, kai ya kumbura.

Ranar Lahadi ya kwashe mu a jirgin ƙasa na TGV zuwa Lyon, ni da Biba da Alhaji Nouhou mai atamfa, mu zama shaidu. Ya ci babbar riga fara sol, ya cika aljihu da wasu tandar masu ɗauke da sunansa, wai Nasara za su yi layi.

A tsaunukan bayan Lyon, Saley ya hau duwatsun farko lafiya lau. Dodo ya dinga jan hannun duk Bature da ya gani: "Se mwa! Ni ne! Lanjeniyar!"

Sai aka zo rafi.

To kai ma ka san abin da matarka ke yi wa ganda kafin ta sa a tukunya: jiƙa ta take. Dodo da ya yi shekaru yana gaya wa masu saye haka, shi kaɗai ya manta. Saley ya shiga ruwa ya fita, ya sake shiga. Tsirkiya ta saki. Fata ta kumbura ta yi lugub, sarƙa na gurzarta, zafin inji na gasa ta. Wani ƙauri ya tashi.

Alhaji Nouhou ya shaƙa. "Malam Dodo, wa ya ɗora girki a dajin nan?"

"Ƙamshin fasaha ne, Alhaji."

Bai rufe baki ba sarƙa ta yi tsalle, faras! Moto ya yi kuka a banza, Saley ya zauna daɓas tsakiyar rafi. Wallahi ya ba ni tausayi. Dodo ya tattare riga ya faɗa ruwa har ƙugu yana ihu, "Kada kowa ya taɓa! Akwai sifiya a aljihuna!"

Aljihun kuwa ya jiƙe sharkaf. Su kuma Nasara ba sa zuwa kallo sai da karnukansu. Wani baƙin kare mai girman maraƙi ya fara cusa hanci, wasu suka biyo.

"A'uzu billahi! Madam, kama abinki! Najasa! Biba!"

Biba ta juya baya, wai ba ta san shi ba. Injiniya ya zuba a guje, riga na jan laka, yana watsa fasaharsa baya, karnuka na cafewa. Dutsen da ya gagari masu moto tun safe, Dodo ya haye shi da takalmi ɗaya. Har alƙalin wasa ya tafa masa.

Muka hau jirgi muka koma Paris. Saley ya sayi robarsa, ya kuma daina gaishe shi.

Bayan sati, muna zaune a butiki, sai ga wata tsohuwar Baturiya ta shigo da ɗan kare a hammata, da guntuwar fata a hannu, haƙora sun cinye rabin rubutun. Daga Lyon ta bi sawu.

"Mesiye Dodo lanjeniyar?"

Dodo ya miƙe, ya gyara hula, ya dube mu ɗaya-ɗaya. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku?"

Matar ta yi ta zuba Faransanci. Alhaji Nouhou ya fassara, yana share hawayen dariya: "Ta ce tun ranar karenta ya ƙi cin komai sai wannan. A ɗaure mata kilo biyu."

Burin Dodo dai ya cika, ba mai ce masa Mai Ganda yanzu. Daga Château Rouge har Sevran, Injiniyan Karnuka ake kiransa.